Darasin Malam Gwadabe a Wayar Juwairiyya

Shekara ashirin da shida Malam Gwadabe ya yi yana koyar da aikin gona a wata firamare a Basirka, kuma shi ke riƙe da makullin laburaren makarantar. Laburaren kuwa kabad biyu ne na ƙarfe a ofishin hedimasta. Mutum ne da ba ya ba da aron littafi sai ya duba tsabtar hannun mai karɓa. A nan yake ajiye littafinsa na shirin darasi, mai baƙin bango, wanda ya fara rubutawa tun yana sabon malami.

Da aka turo Malama Juwairiyya daga Birnin Kudu, sai ta zo da sabon abu: shirin darasi da take saukewa ta waya daga wani shafin malamai, ta kai shago a buga mata duk ranar da ta je gida. Sauran malamai suka yi ta rububi. Shi kuwa ko taɓawa ya ƙi.

"Wa ya rubuta?" ya tambaye ta.

"Malamai ne irinmu, Baba."

"Kuma kyauta? Wanda bai san ni ba, me zai sa ya yi mini aikina?"

A ransa ya yanke cewa dabara ce ta raba tsofaffin malamai da aiki.

Wata Litinin ta manta takardunta a kan tebur. Ya ɗauka don ya nemo kuskure. Darasin adana hatsi ne na aji biyar. A layi na uku ya tsaya: "Ka sa yara su damƙi gero su saurara, busasshe yana ƙara, mai danshi shiru yake." Maganarsa ce, ko harafi ba a canza ba.

Ya buɗe kabad, littafinsa na nan, ba a yagi ko shafi ɗaya ba. Ya sake wa kabad ɗin kwaɗo a ranar. Mako guda yana lura da shige da ficen Juwairiyya, in ta gaishe shi ya amsa a taƙaice. Da abin ya ishe shi, ya tare ta a bakin aji, ya miƙa mata takardar.

"Yaushe kika buɗe mini kabad?"

Ta karɓi takardar, ta daɗe tana kallo, sannan ta ciro waya ta gangara can ƙasan darasin, inda mai shago bai buga ba. An rubuta: "Daga littafin malamina, Malam Gwadabe na Basirka. Muhammad Auwal, Kiyako."

Sai ya tuna. Ɗalibi ne da ya zo koyon aikin koyarwa shekara takwas baya, ya ara masa littafin kwana biyu. Ya ba Juwairiyya haƙuri, kansa a sunkuye.

Ranar Asabar ya hau babur sai Kiyako. Muhammad Auwal, wanda yanzu malami ne a can, ya durƙusa ya gaishe shi da murna, ya ce malamai sama da ɗari uku sun sauke darussan.

"Ka tambaye ni?"

Muhammad Auwal ya amsa cewa bai tambaya ba. Malam Gwadabe ya ci gaba:

"Guda nawa ka saka?"

"Goma sha ɗaya, Malam."

Ya sa shi ya karanto su ɗaya bayan ɗaya. A na bakwai ya ɗaga hannu.

"Na ce a shuka gyaɗa zurfin ɗan yatsa, kai ka rubuta zurfin hannu. Wanda ya bi ka, irinsa ruɓewa zai yi."

A gabansa aka gyara. Bai ce a cire sauran ba, amma ya gargaɗe shi kada ya ƙara ko layi ɗaya sai ya gani da idonsa.

A hanyar komawa ko gonakin gefen titi bai kalla ba. Tunanin malaman nan ɗari uku yake: su waye, kuma nawa daga cikinsu suka riga suka koya wa yara zurfin hannu da sunansa.