Saura Babi Ɗaya

A Zongon Kumasi, shekarun da jirgin ƙasa ya fara kwasar goro zuwa bakin teku, an yi wani mutum da ake kira Masahudu Saura Ƙiris. Bai taɓa amsa wannan suna ba, bai kuma taɓa yin faɗa a kansa ba, don haka ya bi shi har kabari. Ba'adare ne, dogo, siriri, mai ɗan ranƙwafawa. Ya biyo ayarin jakuna daga wajen Tawa yana saurayi. Abokan tafiyarsa suka sayar da kanwa da albasa, suka ɗaura goro, suka juya gida, shi kuwa ya zauna. Ba kasuwa ce ta zaunar da shi ba, karatun shari'a ne. Ya taɓa faɗa wa wani cewa yana yaro ya ga uwarsa ta dawo daga wurin shari'a tana kuka, an karɓe mata garka, don ba ta san abin da za ta ce ba, ba kuma wanda ya sanar da ita. Daga wannan bai ƙara tayar da zancen ba.

Abincinsa a goro yake. A gidan wani fatoma yake aiki: ya kwance huhu, ya tsince wanda sankara ta kama, ya sake ganye, ya yayyafa ruwa, ya ɗaure. Aiki ne na mutum ɗaya da kwando, ba ya son surutu, Masahudu ma ba ya so, sai suka dace. Amma wannan na bayan hantsi ne. Safiyarsa ta Malam Bukari ce.

A wancan zamani mutum ba ya zama gaban jama'a ya ce ga hukuncin Allah don kawai ya iya karatu. Sai ya karance babban littafin fiƙihu daga bango zuwa bango a gaban malami, babi bayan babi, shi yana ja, malamin yana saurare yana gyara. In ya sauke, malamin ya rubuta masa takardar izini, cewa wane ya karanta shi duka a gabana, kamar yadda na karanta a gaban wane, shi ma a gaban wane. Sannan a naɗa masa rawani. Da wannan takarda ne ake iya zama gefen alƙali a ƙofar Sarkin Zongo, a amsa wa mutane abin da ya shige musu duhu. Ita Masahudu yake nema, ba ya neman komai bayanta.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana zuwa zauren Malam Bukari. Littafin da hannunsa ya kwafe shi, ganye-ganye, yana cikin wata gafaka da gumi ya mayar baƙa. Ya wuce tsarki da salla, ya wuce aure da saki, ya wuce ciniki da jingina da shaida. Malam Bukari ba mai gaggawa ba ne, layi biyu sai ya cinye safiya. Saura babi ɗaya, na ƙarshe, babin gado, sai shekarar mura ta shigo.

Ciwon ya ɗauke matar Malam. Ya ɗauke mijin 'yarsa Ayishatu, ta dawo gida ta yi takaba. Shi Malam ya kwanta wata biyu ya tashi, jama'a suka yi ta hamdala. Ranar da aka koma karatu, Masahudu ya durƙusa, ya zaro ganyayyakin ƙarshe.

"Bismillah," in ji Malam. "Babin ruwa."

"Allah gafarta Malam, gado muka iso."

Tsohon ya dube shi da fara'a, irin kallon da ake yi wa baƙo mai ladabi. "Samari, ba a fara gini daga rufi. Wane ruwa ne ake tsarki da shi? Ja mu ji."

Masahudu ya mayar da ganyayyakin, ya zaro na farko, ya ja. Malam ya gyara masa, ya yi bayani tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Washegari ya sake cewa babin ruwa. Jibi ma haka. Ashe ciwon ya bar masa jiki da murya da farkon littafi, ya tafi da sauran, har da fuskokin mutanen gidansa.

Ɗalibai suka yi haƙurin wata uku, sannan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa. Ban ga laifinsu ba. Munkaila, wanda Masahudu ya girme shi a karatu da shekara huɗu, ya tafi Salaga wurin wani malami, ya dawo da rawani kamar kwandon tallan gurasa. Shi ma Masahudu ya so tafiya. Amma ɗalibi ba ya barin malaminsa mai rai sai da sallamarsa, kuma duk ranar da ya roƙa, amsar ɗaya ce: "Ina za ka, ko ruwa ba mu gama ba?" Sai ya ce to, ya gyara zama.

Haka zauren da ake cika shi har ƙofa ya koma mutum biyu da buzu biyu. Kowace safiya Masahudu zai zo da littafin duka, ya karanta babin ruwa, ya koma wurin goronsa. Ganyayyakin gado kullum suna sama a cikin gafaka, don in Allah ya kawo ranar kada a ɓata lokaci wajen nema. Ya haddace su tun tuni. Ya san rabon kowa, ya san inda lissafin yake sarƙewa da yadda ake warware shi. Sanin ba shi ne izini ba, shi ma ya sani. A nan ne mutanen Zongo, waɗanda ba sa barin kowa ya wuce ba suna, suka laƙaba masa Saura Ƙiris.

Kaɗaici ya ci shi, gaskiya. Bai yi aure ba, yana cewa sai ya sauke. Ɗakinsa a bayan rumfar goro yake, tabarma da buta da igiyar rataye riga. In an yi walimar malamai ba a kiransa, don ba shi da rawani. In fatake suna hira ba ya shiga, don suna jin nauyinsa, da ya zauna sai zance ya mutu. Wata Ba'asantiya da ke kawo goro daga ƙauye ita kaɗai ke tsokanarsa. "Kramo," takan ce, "kai karatu naka bai ƙarewa koraa? Ɗana ya shiga sukuu bayanka, yanzu shi ya zama krakye." Da Asantancinta take haɗawa, wai Malam, karatunsa ba ya ƙarewa sam, ga ɗanta ya shiga boko bayansa har ya zama akawu. Sai ya yi murmushi ya ci gaba da tsinta. Mutane kan zo masa a ɓoye da tambaya, ya faɗa musu abin da ya ji daga Malam, sannan ya ce su je wurin mai izini ya tabbatar. Mai izinin kuwa Munkaila ne.

A shekara ta biyar bayan mura aka ce ana neman wanda zai zauna gefen alƙali. Munkaila, wanda ba mugu ba ne, ya zo har rumfar goro ya tsuguna.

"Yaya Masahudu, kowa ya san ka fi ni. Wurin nan naka ne. Ni zan rubuta takardar, mu je tare, a sa wa Malam alƙalami, ka ɗan riƙe masa hannu. Ai da lafiyarsa ƙalau da tuni ya ba ka."

"Me takardar za ta ce?"

"Abin da kowace take cewa. Ya karanta shi duka a gabana."

"Na karanta shi duka a gabansa?"

"Haba Yaya, babi ɗaya fa."

Masahudu ya juya wani goro a hannunsa, ya ga ɗigon sankara, ya jefa shi gefe. "Shekara guda muka yi a babin shaida, Munkaila. Kana wurin. In na shiga da shaidar zur, wa zan hana?"

Munkaila ya tashi ya kaɗe riga. Bayan mako biyu shi aka ba wurin. Masahudu ya je ya yi masa barka, ya dawo, ranar bai ci abinci ba.

Mutum ɗaya ce ta san nauyin waɗannan safiyoyi kamar yadda ya sani, ita ce Ayishatu. Ba ta sake aure ba. Ita ke yi wa uban wanki, ita ke dafa masa ruwan wanka, ita ke ba shi koko a baki ranar da hannu ya ƙi. Kullum in ta ajiye ƙwarya sai ya ce, "Allah ya yi miki albarka. 'Yar gidan wa ce ke?" Da farko takan ce, "Baba, ni ce Ayishatu." Sai ya ce ai Ayishatunsa ƙarama ce, tana wurin uwarta. Daga baya ta daina gardama, takan ce 'yar maƙwabta ce. Masahudu yana jin wannan duka daga inda yake zaune, kansa a sunkuye. Tsakaninsa da ita gaisuwa ce ta bayan asabari, ba ta wuce ina kwana da yaya mai jiki.

Ranar ta zo a shekara ta bakwai, wata Talata cikin damina. An kwana ana ruwa, rufin kwano yana ta ɗiga a bakin zaure. Masahudu ya yi sallama, ya durƙusa, ya kai hannu zai zaro babin ruwa.

"Masahudu," in ji Malam.

Shekara bakwai bai ji sunansa daga wannan baki ba. Ya ɗaga kai. Idon tsohon ya dawo, irin na dā, mai kaifi.

"Kai, yaushe ka yi furfura haka? Ina sauran? Ina muka tsaya?"

"Gado, Allah gafarta Malam. Shi kaɗai ya rage."

"Subhanallahi. To me muke jira? Kaina a sake yake yau, ban san ko zai daɗe ba. Ja, mu gama shi kafin azahar, in rubuta maka abinka."

Ganyayyakin suna sama, inda suke kullum. Ya zaro su. Ya yi bismillah, ya ja layin farko. Malam ya gyaɗa kai. Ya shiga layi na biyu ke nan sai ya ji motsin ƙwarya a bayan asabari. Ayishatu ce ta kawo koko. Ta ji muryar, ta gane, ta tsaya cak. Ba ta shigo ba, don ba a katse karatu, haka aka tarbiyyantar da ita a gidan nan. Ta ƙasan asabarin yana ganin ƙafafunta, da kokon da ke zuba kaɗan-kaɗan a ƙasa.

Masahudu ya san babin, ya san tsawonsa. In ya ja ba tsayawa, zai kai azahar. Ya kuma san irin wannan haske, ya gan shi ga tsofaffi a garinsu, ba ya kai azahar sau da yawa. Ya dubi layi na uku. Ya daɗe yana dubansa.

"Ja mana," in ji Malam.

Ya haɗa ganyayyakin, ya daidaita bakinsu, ya mayar cikin gafaka. "Allah gafarta Malam, a yi mini haƙuri kaɗan. Akwai wadda ta riga ni." Ya juya wajen asabari. "Ayishatu, shigo. Malam na nan."

Ya fita ya tsaya a ƙarƙashin indararo, ruwa na sauka a kafaɗarsa bai matsa ba. Daga ciki ya ji tsohon ya ce, "A'i? Ke ce kika girma haka? Ina innarki?" Ya ji kukanta, ya ji ta fara ba shi labari tun daga shekarar mura. Sai ya ƙara gaba zuwa bakin hanya, don zancen ba nasa ba ne. Masu ɗaukar kaya suna ta wucewa zuwa kasuwa da buhuna a ka, ba wanda ya kula shi.

Hantsi ya yi sosai kafin ta leƙo. Idonta ya kumbura, amma fuskarta ya rabu da ganin irinta. "Malam Masahudu, ya sa mini albarka da sunana," ta ce. "Ka shiga da sauri."

Ya shiga, ya durƙusa a buzunsa, ya buɗe gafaka. Tsohon ya dube shi da fara'a.

"Sannu da zuwa, samari. Bismillah. Babin ruwa."

Masahudu ya ɗaga ganyayyakin gado, ya sa su ƙasa, ya zaro na farko, ya ja.

Malam Bukari ya rasu da kaka. Masahudu ya yi shekara tara bayansa yana tsintar goro, bai je wurin wani malami ba, ya ce ya tsufa da komawa farko. Da shi ma ya rasu, abin da ya bari tabarma ne da buta da riguna biyu da gafaka, ba magaji a kusa. Munkaila ne ya zo ya duba kayan. Ya buɗe gafakar, ya ga ganyen babin ruwa ya yi laushi ya yi baƙi saboda hannu, na gado kuwa fari tas, sai layi biyu na sama da ke da ɗan alamar yatsa. Ya aika wa Ayishatu da ita.