Kwanon Kokon Malam Manu

Inna Lami ta Kafinsoli ta yi shekara goma sha tara tana shara a wani ƙaramin asibiti mai gado goma sha biyu a Kankia, can bayan inda motocin Kano da Katsina ke tsayawa. Tsintsiya, bokiti, sauya zanen gado da wanke kwanukan marasa lafiya, aikinta ke nan tun da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu. Ba ta yi boko ba, ba ta iya karanta ko sunan magani ɗaya. Amma ta san wanda ya ci abinci da wanda ya tura kwano ƙarƙashin gado, ta san wanda ya yi amai ya rufe da zane don kunya. Babu wanda ya taɓa tambayarta, ita ma ba ta ɗauki wannan a bakin ilimi ba. A da mace ce mai barkwanci, har majinyata kan ce dariyar Inna Lami rabin magani ce. Waɗanda suka kama aiki daga baya ba su taras da wannan Lamin ba.

Abin ya faru ne da damina, lokacin noman farko. Aka kawo wani dattijo daga Boko ta ƙasar Kusada, Malam Manu, mai ciwon suga da gyambo a ƙafa, aka kwantar da shi a gado na bakwai. Likita Abdulbaƙi, wanda shi kaɗai ne likitan asibitin, ya rubuta masa allurar sauke suga kowace safiya. Bishir mai ba da magani ya duba takarda ya fitar. Sista Salma ta ja wa Ummaru, ɗan dattijon, kunne cewa lalle a riƙa kawo abin karin kumallo, don allurar ba ta zama a cikin da babu komai. Ummaru ya ce to. Kullum da sassafe zai zo a babur, ya sayi koko da ƙosai a bakin titi, ya juye a wani kwanon samira mai murfi, ya ajiye, ya koma gona.

Ranar Litinin, Lami na shara kusa da gadonsa, dattijon ya yafito ta.

"Ɗiyata, taho ki ɗauke wanga koko ki sha."

"Baba, kai fa?"

Ya sassauta murya. "Litinin da Alhamis ban ci. Shekara talatin ke nan. Abu ne tsakanina da Ubangijina, ban son a sani. Ki ruhwa mani asiri, kada ki hwaɗa ma kowa."

Lami ta ji ya ƙara girma a idonta. Kuma a faɗi gaskiya, ta fito gida ba ta karya ba. Ta kai kwanon bayan ɗaki ta shanye, ta wanke shi tas, ta mayar. Da Sista Salma ta zo da allura, ta buɗe kwanon ta ga wayam, ta ce, "Madalla Baba, yau ka ci da kyau," ta yi masa. Da hantsi ya yi gumi, hannunsa ya yi rawa, ya ce zafin gari ne. Allah ya sa ya kai magariba.

Ranar Alhamis aka sake. Ya ba ta, ta sha, ta wanke, aka yi allura. Bayan azahar ya ja mayafi ya rufe har kai, kowa ya ɗauka barcin rana ne. La'asar ta yi bai tashi salla ba, shi da ba a taɓa tashinsa ba. Da aka yaye mayafin, rigarsa ta jiƙe sharkaf, ana kira ba ya amsawa. Likita ya auna, ya ga suga ya faɗi ƙasa warwas. Aka ɗaura masa ruwan suga, aka yi duk abin da za a yi. Kafin a kira magariba rai ya yi halinsa.

Likita Abdulbaƙi ya tsaya da takarda a hannu yana juyawa. Abin da ya rubuta daidai ne. Abin da Bishir ya bayar daidai ne. Ya dubi Sista.

"Ya ci abinci da safe?"

"Ya ci, Likita. Da idona na ga kwanon, ko ɗigo bai rage ba."

Lami tana nan, taku uku tsakaninta da su, riƙe da bokiti. Ta so ta yi magana. To amma wace ce ita da za ta tsoma baki likita na magana da sista? Kuma ta ce me, ta ce ita ta shanye kokon mamaci? Ga alkawarin da ta yi masa. Ta sunkuyar da kai ta fita.

Haka kowa ya yi aikinsa daidai a kan takardarsa, mutum ya mutu a tsakaninsu. Wannan shi ne abin da ke ba ni haushi a labarin nan, kuma ba Lami nake jin haushi ba.

Dangi suka ɗauki gawa cikin ruɗewa, suka manta kwanon. Lami ta kai shi gida ta sa ƙarƙashin gadonta. Daga ranar koko ya fita ranta, ko warin tsaminsa ta ji sai ta bar wurin. In ta zo shara gado na bakwai, takan ji kamar an yafito ta, ta waiga, ta ga wani ne daban a kwance. Ta daina barkwanci. Ta fara azumin Litinin da Alhamis, ita ma a ɓoye, ba ta san ko nata take yi ba ko nasa.

Shi ma likitan abin bai bar shi ba. Ya kafa sabuwar doka: kafin a ba da magani da safe, shi da sista da mai ba da magani da mai gwajin jini za su tsaya tare a bakin kowane gado, kowa ya faɗi abin da ya gani. A haka Bishir ya kama wata allura da aka rubuta wa yaro da ma'aunin babba, Sista ta gano wani da ke shan maganin hawan jini iri biyu, ɗaya daga gida ɗaya daga nan. Har Lami likitan ya ce ta riƙa tsayawa. Wasu suka yi dariya a bayan ido, mai shara a zagayen likita. In an zo kanta takan ce, "Ba komi, Likita." Shekara biyu tana cewa ba komi.

Sai wata safiya cikin watan Sha'aban, a ɗakin mata, wata Hawwa'u daga Kusada, mai suga ita ma, ta miƙo mata kofin kunu a ƙarƙashin mayafi.

"Inna, amshi ki sha. Ramuwar azumin bara nike, saura kwana huɗu, ga watan ya matso. Kada Sista ta ji, hana ni za ta yi."

Lami ta dubi kofin. Ba ta karɓa ba. Zagaye ya iso. Likita ya yi magana, Bishir ya yi, Sista ta zuƙi allura ta ɗaga tana ƙyasta ta da yatsa.

"Inna Lami?" in ji likita, kamar kullum, har ya fara juyawa.

"Kada a yi mata."

Kowa ya tsaya.

"Azumi take. Ba ta sha komi ba, ga kunun nan ƙarƙashin mayahi." Ta ci gaba, don ta san in ta tsaya ba za ta ƙara iya buɗe baki ba. "Malam Manu ma azumi yake, na gado na bakwai. Ni na shanye kokon, ni na wanke kwanon. Sau biyu."

Sista Salma ta ajiye allurar a hankali, ta zauna a bakin gado. Likita ya juyo ya fuskanci Lami. Ya ce, "Na tambayi kowa ran nan, Inna, ban da ke. Kina tsaye a gabana."

Hawwa'u ta yi fushi, ta ce an tona mata asiri, kwana biyu ba ta amsa gaisuwar Lami. Amma da aka sallame ta, da ƙafarta ta koma gida. Tun daga lokacin ba a yi wa mai suga allura a asibitin sai an tambaye shi a fili ko yana azumi, an kuma tambayi mai ɗauke kwano.

Bayan ƙaramar salla Lami ta naɗe kwanon a ɗankwali ta hau mota zuwa Boko. Ta sami Hussaina, matar marigayin, tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ta durƙusa ta faɗi komai, ba ta rage ba. Tsohuwar ta karɓi kwanon tana shafa murfin.

"Haba ɗiyata. Wa bai san Malam na azumi ba? Ni ke dahwa mashi sahur shekara talatin, shi ke ganin ɓoyo yake. Ummaru ma ya sani. Sista ta ce a kawo abinci, ya ji nauyin ya ƙi, ya ce ko wani ya ci a samu lada. Har wajen liman ya je ya tambaya ko allura na karya azumi, aka ce ba ta karyawa, hankalinmu ya kwanta." Ta share ido da gefen zane. "Ba wanda ya tambaye mu. Da an tambaya da mun hwaɗi."

Suka yi kuka tare, ba mai rarrashin wani. Can tsohuwar ta tashi ta ɗauraye kwanon, ta dama fura a ciki ta ajiye gaban baƙuwarta.

"Sha, kin sha hanya."

Lami ta dubi kwanon. Ranar Alhamis ce.

"Azumi nike, Inna," ta ce. Ta faɗe shi da ƙarfi, yadda duk wanda ke gidan zai ji.