Mai Gadin Shara da Jar Jita

Mijina Norimasa Udagawa ya shekara talatin da takwas yana gwada sikeli a wani kamfani a nan Tokyo, kuma ko giram ɗaya bai taɓa yafe wa sikeli ba. Siriri ne, mai gilashi, wanda ko safa zai shanya sai ya daidaita bakinta. Ni Tokiko shekarata talatin da biyar a gidansa, saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba a bakin wani na ji ba.

A gininmu mai hawa biyar, gida arba'in, shi ne mai kula da wurin fitar da shara. Ba a biyan ko sisi, kowa gudun aikin yake, shi ya sa tun da ya karɓa shekara goma sha ɗaya da suka wuce ba wanda ya sake ta da maganar. Ƙungiyar mazauna ta ba shi koren ƙyalle na ɗaurawa a damtse. Ƙarfe shida na safe yana can tsaye, ya yaye ragar da ke hana hankaki, yana ɗaga leda ɗai-ɗai yana leƙawa. Ranar abin ƙonawa daban, ranar gwangwani daban, ranar kwalba daban. In ka kuskure, kafin ka gama shayinka ledarka ta dawo bakin ƙofarka, da 'yar takarda mai ladabi a manne. A gabansa ana ce masa Shugaba. A bayansa kuwa Duba-gari, har da ni. Da ya bar aiki yana da shekara sittin, wannan ƙyallen ne kaɗai ya rage masa da zai sa mutane su rusuna in sun gan shi, kuma ya san da haka.

Daren farko da ya zama ɗan fansho, muna cin abinci, ya ajiye tsinken cin abincinsa ya ce, "Maman Emi, ina son jita."

"Kana son me?"

"Jita. Ta lantarki."

Saura kaɗan romon miso ya bi ta hancina. Ashe tun yana ɗan shekara goma sha bakwai, lokacin da samari suka haukace a kanta, abin ke cinsa. Shugaban makarantarsu ya ce duk wanda aka gani da ita an kore shi. Sai ya sassaƙa katako, ya zana masa tsirkiya shida da tawada, yana kaɗawa a gaban madubi, har ran da babansa ya dafa ruwan wanka da shi. Shekara arba'in da uku bai gaya wa kowa ba.

Albashinsa duka ni yake miƙa wa tun aurenmu, ni ke yanka masa na aljihu. Na sa yen dubu talatin a ambulan na ce, "Jita, da amfilifaya ɗin da ke sa ta ƙara, da waya, da kuɗin jirgi. Ka dawo min da canji."

Sati biyu ya yi yana bincike da littafi da biro. Ya gano akwai kayan 'yan koyo, jita da ƙaramin amfilifaya a haɗe, yen dubu ashirin da huɗu. Ranar Asabar muka hau jirgin ƙasa zuwa unguwar Ochanomizu, inda shagunan jita suke jere kamar haƙora. Na bi shi ne don ban yarda da shi ba, amma da muka shiga sai na tsaya can wajen ƙofa kamar ban san shi ba.

A waɗannan shagunan ba a miƙa maka jita haka kawai. Mai shago zai sauko da ita, ya zauna, ya gyara mata murya, ya zuba wani kiɗa da zai sa ka riƙe baki, sannan ya miƙa maka da hannu biyu ya ja da baya ya tsaya yana jira. Sauran masu saye kowa ya yi kamar yana duba farashi, alhali kunnensa na wajenka. Littafin Norimasa bai gaya masa wannan ba.

Mai shagon, wani mai gashi har kafaɗa da ya ba arba'in baya, ya gama nasa ya ce, "Bismillah, Baba, a gwada."

Na ga wuyan mijina ya yi ja. Bai san inda ake sa yatsa ko ɗaya ba. Sai ya yi abin da kaɗai ya iya a duniya. Ya ɗaga jitar daidai ido, ya rufe ido ɗaya, ya bi wuyanta da kallo, ya ƙwanƙwasa bayanta, ya auna nauyinta a tafin hannu. Ya ce, "Wuyan nan ya ɗan karkace."

Mai shago ya karɓa, ya duba, ya zaro ido. "Kai! Ashe da tsohon hannu nake magana. Baba ka yi haƙuri, na raina ka. Wannan ai ta yara ce."

Ya shige ciki ya fito da wata ja, ta hannu, mai sheƙi kamar an lashe ta. Norimasa ya sake rufe ido ɗaya, ya ce wannan kam daidai take.

"Na sani! Dubu ashirin da tara da ɗari takwas, don kai ne. Amfilifaya kuwa ba sai na tambaya ba, irinku ai kuna da naku a gida."

"Sosai ma," in ji mijina.

Ina tsaye ina ji. Kalma ɗaya ce tawa ta gyara komai, amma dariyar da nake dannewa ta fi ƙarfina, kuma gaskiya ina son in ga ƙarshen abin. Kuɗin jirgin komawa ma ni na biya.

A gida ya kaɗa ta ba wuta, ta yi wani ƙara kamar sauro a cikin kwalba. Na ce, "Baban Emi, ina amfilifayanka na gida? Ko in ɗauko maka?" Ya ce ana jin ta haka ma. Na san ba zai roƙi ƙari ba, shi ma ya san ba zan bayar ba sai ya roƙa. Muka zauna a haka kwana goma.

Ran Alhamis ce ranar manyan kaya. Wanda zai yar da kujera ko kabad sai ya kira hukumar gunduma a ba shi rana, ya sayi sitika, ya rubuta sunansa, ya manna, ya fitar kafin ƙarfe takwas. A bangon wurin akwai allo da Norimasa ya rubuta da hannunsa: an hana ɗaukar duk abin da aka fitar. A ƙarƙashin wannan allon, ƙarfe shida na safe, ya tarar da baƙin amfilifaya, babba, mai maɓallai bakwai, yana zaune shi kaɗai.

Ina wanke shinkafa na ji shi yana haki a matakala. Ya shigo da abu lulluɓe da rigar ruwansa, ƙyallen na nan a damtsensa, ya wuce kai tsaye ya cusa a kabad ɗin bango, ƙarƙashin katifu. Na leƙa. Yana ta kankare sitika da farce, ita kuwa irin wadda ba ta ɓaruwa ce, sai dai ta yage a tsattsage. Gefe-gefen duk ya fita, sunan ya zauna daram: Kuwabara.

A duk gidaje arba'in sai nata. Sumie Kuwabara ta hawa na biyu, tsohuwar mai gyaran gashi, wadda ya mayar wa da leda sau huɗu, ɗaya saboda ƙayar kifi da ta naɗe a takardar alminiyam. Ba ta manta ko ɗaya ba. Barandarta kuma tana kallon wurin sharar ne sak.

Ƙarfe goma ta buga ƙararrawa. Ta rusuna har ƙasa.

"Shugaba, ka gafarce ni da na dame ka. Masu motar kwashe kaya sun zo da takardarsu, sun ce ba su ga kayana ba. Yen ɗari huɗu na biya don hukuma ta ɗauka, ba ɓarawo ba. A wurin da kake gadi fa, Shugaba! Ni ba don kaina nake ji ba, sunanka nake ji."

"Za a bincika," in ji shi.

"Na san za ka kama shi. Mutumin da ke gano ƙayar kifi a cikin leda?"

Ta dube ni, na dube ta. Har gobe ina da yaƙinin ta gan shi da idonta tana shanya, amma ba ta taɓa faɗa ba.

Dole ya zauna ya rubuta sanarwa da kyakkyawan rubutunsa, cewa an yi abin kunya a gininmu, wanda ya san wani abu ya sanar da Shugaba. Ya maƙala a allon da ake miƙawa ƙofa-ƙofa. Allon ya zaga gida arba'in, kowa ya buga hatiminsa, ya dawo mana, na buga namu ina cije leɓe.

Ga amfilifaya ya samu, ga shi ba halin kunnawa. Bangon gininmu in maƙwabci ya yi atishawa sai ka ce masa sannu. Da ya kaɗa sau ɗaya, kafin ƙarar ta mutu hawa biyar sun san ɓarawo. Sai dai da rana ya buɗe kabad, ya ɗaga katifa, ya goge shi da tsumma, ya murɗa maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya rufe. Abinci ya daina shiga. Ledoji marasa kyau suka riƙa wucewa a gabansa bai gani ba. Ni kuwa in na zuba masa shinkafa sai in ce, "Shugaba, ya binciken? An kusa?" Sati uku ina wannan.

Ranar Lahadi da rana aka yi taron mazauna a ɗakin taro na ƙasa, kowa zaune a tabarma, ana zagawa da shayi. Aka gama maganar keken da ake ajiyewa a hanya, aka zo kan amfilifaya. Nan fa bakuna suka buɗe. Wani ya ce shekara ashirin ba a taɓa irin wannan ba sai bana. Wata ta ce ita ba ta kama suna, amma wa ya tare bana? Kowa ya san wanda ake nufi: Toguchi na hawa na biyar, direban babbar mota da ya zo daga Okinawa da matarsa, ba ya zuwa taro don aikinsa ba Lahadi. Wani tsoho ya ce ya taɓa jin kiɗa daga ɗakinsu. Aka ce to Shugaba ya hau ya yi masa magana, in ya ƙi a kai ƙara ofishin gidaje.

Na dubi Norimasa. Da cewa kawai ya yi zai duba, da maganar ta bi iska kamar sauran maganganun taro, ya ci gaba da sarautarsa. Amma mutumin da bai taɓa yafe wa sikeli giram ɗaya ba, ba zai iya ɗora wa wani amfilifaya mai kilo goma sha biyu ba. Ya gyara zama a kan gwiwoyinsa, ya dafa tabarma da hannu biyu, ya kai goshinsa ƙasa.

"Ku bar Toguchi. Ni ne. Yana gidana, ƙarƙashin katifa."

Ya kwance ƙyallen daga damtsensa, ya ninke shi huɗu, ya daidaita bakinsa, ya tura tsakiya.

Sumie Kuwabara ta ajiye kofinta a hankali. "Ayya, Shugaba. Da ka tambaye ni ai da na ba ka, har in gode. Sai dai abin nan ya mutu tuntuni. Ɗana ya bar shi a baranda da ya yi aure, shekara shida ruwa na dukansa. Tukunyar fure nake ɗorawa a kai."

Wani ya yi tari. Wata ta rufe baki da hankici, kafaɗunta na rawa. Kafin a tashi an nemi wanda zai karɓi aikin, hannu ɗaya ne ya tashi, kuma ba sai na faɗi na wa ba.

Ni a matakala dariyar ta kubce min, na riƙe ƙarfe ina hawaye. Shi yana gaba, bai waiwayo ba. Da muka shiga ya fito da amfilifayan tsakiyar ɗaki, tunda yanzu ba sauran ɓoyo, ya jona waya, ya danna maɓalli. Ko jar fitilar ba ta kama ba. Ya sake dannawa. Ya cire ya mayar. Ya zauna yana kallonsa, jitar a cinyarsa, hannun rigarsa da alamar inda ƙyallen ya saba zama.

A nan dariyata ta ƙare, kunya ta kama ni. Yen dubu shida ne kuɗin ƙaramin amfilifaya, kuma ina da su a gwangwanin shayi tun ranar da muka dawo daga shago. Mutum ya jira shekara arba'in da uku, ni kuma na ƙara masa wata guda don in sha kallo, har abin ya ci masa ɗan abin da yake taƙama da shi. Na shige kicin na ɗora shinkafa don kada ya ga fuskata.

Can sai na ji wata ƙara mai kauri, ba irin ta sauron nan ba. Na leƙo. Ya matsa ne zai tashi, kan jitar ya jingina da babban kabad ɗin katakon da aka kawo ni da shi gidan aure, wanda ko 'yarmu Emi ban taɓa bari ta taɓa ba. Katakon ya ɗauki muryar tsirkiyar ya kumbura ta. Ya sake dannawa da kyau, ya kaɗa ta sama, kabad ɗin ya amsa, kwanukan ciki suka yi rawa.

Na buɗe baki zan ce zai ƙuje min fenti, sai na rufe.

"Maman Emi," ya ce, bai ɗago ba. "Zo ki sa kunnenki nan."

Na durƙusa na manna kunnena a jikin katakon. Ya kaɗa tsirkiya shidan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana jiran kowace ta mutu kafin ya taɓa ta gaba. Bai iya komai ba, ko kusa. Ina nan durƙushe har shinkafar ta huce.