Iskar Tankin Babanmu

Da kuɗin sallamarsa daga aikin direba Baba ya haƙa burtsatse a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi. A gefen rijiyar akwai ɗan tanki shuɗi, rabi ruwa rabi iska, iskar ce ke tura ruwan zuwa famfo. Baba bai yarda kowa ya taɓa shi ba. Sai ya kashe wutar injin jan ruwa, ya buɗe famfon tsakar gida har ruwan ya tsiyaye ƙaf, sannan ya ɗora gejin auna iskar taya a bawul ɗin tankin. Ni haushi abin yake ba ni. Iska dai ai iska ce.

Shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye, magana ta ɗauke, tankin ya fara wasa. Ruwa ya zo, ya yanke. Ni ɗan adaidaita ne, kullum ina wurin mai faci, na ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Na ari famfon iska na durƙusa, tanki cike da ruwa, inji a kunne.

Baba na kan tabarma yana kallona. Ya dinga buga sandarsa a ƙasa, yana nuna famfon tsakar gida. Na ɗebo ruwa a kofi na kai masa. Ya kaɗe kofin.

"Haba Baba! Me kuma na yi?" na ce, da tsawa.

Inna ta leƙo daga ɗaki. "Kai, mahaifin naka kake wa haka?"

Na koma na ɗura wa tankin iska kamar taya, har sai da raina ya yi sanyi. Kwana huɗu injin yana tashi yana mutuwa, ƙas-ƙas, ba hutawa, ranar na biyar ya ƙone. Mai gyara ya zo daga Tarauni ya ce, "Malam, ai sai an zubar da ruwan ake auna iska. Wa ya yi wannan?" Baba yana ji.

Kafin a sa sabon inji, Baba ya rasu da hantsi. Na tare ɗan garuwa a bakin layi na sayi jarka shida, ruwan har da warin roba. Da shi muka yi wa Baba wanka, taku uku daga rijiyarsa.

Yanzu ni ke duba tankin, kuma famfon nake fara buɗewa. Har yau kunyar kofin nan ba ta sake ni ba.