Mai Jan Layin Filinmu

Makon jiya masu fenti suka jiƙa farar ƙasa a bokiti a ƙofar gidana. Warin na bugun hancina sai na tsinci kaina a tsaye, makullin mota a hannu, na kasa gaba na kasa baya. Warin hannun Babana ke nan. In ka zauna a Rafin Guza a shekarun da muka taso, wataƙila ka taɓa ganinsa: wani dogon kafinta, sunkuye a filin ƙwallon bayan makaranta da hudajjen gwangwanin madara, yana jan layi.

Ƙungiyarmu can ƙasan rukuni take, inda ba rediyo ba jarida. 'Yan wasan ma duk ka san su: bakanike, mai faci, ɗan mai shayi. Golanmu tela ne, in aka ci shi sai ya yi mako bai ɗaga kai daga keken ɗinki ba. Kocin kuwa maƙwabcinmu ne, malamin makaranta, mutumin kudancin Kaduna, wanda ranar Lahadi daga coci yake zarcewa fili da takalminsa mai ƙyalli. Baba bai taɓa buga ƙwallo ba a rayuwarsa. Amma shi ya sassaƙa turakun raga, shi kuma yake jan layi duk ranar wasa, da igiya da gwangwaninsa. Da damina ruwa ya wanke, ya sake ja. Inna takan ce da rabin kulawar da yake ba filin nan ya ba ƙofar ɗakinta, da tuni ƙofar ta daina kuka.

Mun sha daɗi, ba zan ɓoye ba. Akwai ranar da wata ƙungiyar kamfani ta zo mana a doguwar mota, takalmansu iri ɗaya, muka lallasa su biyu da nema. Baba, mutumin da ko dariya sai ya auna, ya cilla hularsa sama ta faɗa kwata, ya dawo gida kai ba hula yana ta murmushi. Mun kuma sha haushi, wanda ya fi daɗin yawa. Ranar da aka ci mu, tuwonsa a rufe yake kwana.

Sai shekarar da nake aji ɗaya a sakandare, ya rage mana wasa ɗaya tak, a filinmu. In mun ci, mun haura rukuni na gaba. A nan dole in gaya maka wata mummunar al'ada ta wancan rukunin: ba a cin masu gida a gidansu. Filin ba shinge, 'yan kallo a bakin layi suke tsaye, alƙalin wasa kuma ya san ta cikinsu zai bi ya fita. Baba ya tsani wannan. Yakan ce layin da ya ja, duk wanda bai sa rigar wasa ba bai isa ya tsallaka shi ba.

Ana ɗaya da ɗaya, saura kiris a tashi, bakaniken nan ya zura ƙwallo a raga. Muna cikin ihu sai muka ji usur. Alƙali ya ce satar gida ce, ya soke. Wuri ya kaure. Manya suka tsallaka layi, ni ma idona ya rufe. A bayan raga akwai duwatsun da Baba yake danne ragar da su. Na ɗauki ɗaya, na hango alƙalin yana ja da baya, na jefa da duk ƙarfina.

Ban san daga inda Baba ya ɓullo ba. Na dai gan shi a gaban alƙalin, ya ware hannuwa. Dutsen ya same shi a saman idon hagu. Ya dafe wurin, jini ya biyo yatsunsa da suka yi fari fat da farar ƙasa.

A cikin hargitsin ba wanda ya kula da ni. Aka ce 'yan iskan wata unguwa ne. Ni na ɗauko masa gwangwaninsa zuwa gida. Da aka dawo da shi daga asibiti, ni na riƙe kwanon ruwan ɗumi Inna tana gasa masa fuska, tana tsine wa wanda ya yi jifan.

"Bar tsinuwar nan," in ji Baba. "Ba ki san ɗan waye ba."

Hukumar wasa ta ba baƙi nasara, ta rufe filinmu. 'Yan wasa suka watse ɗaya bayan ɗaya, har kocin ya haƙura. Idon Baba kuwa bai koma daidai ba. Ya ci gaba da ja wa yaran unguwa layi, sai dai layin ya fara karkacewa, ina ji suna dariya suna cewa filin tsoho ya sha giya. Daga nan ya riƙa kirana in riƙe masa igiya. Shekara da shekaru ina riƙe bakin igiyar nan, tabon yana kallona, bakina ya ƙi buɗuwa. Matsoraci ne ni, ba wani suna da ya dace da ni sai wannan.

Sai da na yi aure na haihu. Wata rana bayan la'asar na same shi a kan benci a ƙofar shagonsa, na durƙusa.

"Baba, maganar ranar wasan nan ce. Dutsen nan..."

"Na sani," ya ce, bai ko juyo ba. "Tun kana sunkuyawa ka ɗauka na gan ka. Na yi ta kiranka, ihu bai bari ka ji ba."

Na rasa inda zan sa kaina. Da ƙyar na ce to me ya sa ya shiga gaban mutumin da bai ma sani ba.

"Ba shi na tare wa ba. Da ya same shi, har ka mutu sunanka yaron da ya fasa wa baƙo kai. Ni kuwa zan iya yin shiru."

Yau filin ya zama jerin shaguna, Baba kuma ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa. Ɗana wata ƙungiyar Turai yake goyon baya, wadda bai san ko ƙofar filinta ba. In muna kallo a talabijin yakan miƙe yana zagin alƙali, ya juyo yana mamakin yadda ban taɓa cewa uffan ba. Rannan ya ɗauko hoton kakansa ya tambaye ni me ya same shi a ido. Na ce masa a filin ƙwallo ne. Ya ce wa ya yi masa haka. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa ya je uwarsa na kira.