Badon Baba Labbo

Shekara talatin da ɗaya Labbo ya yi yana tuƙin kamiyo, babbar motar kaya, daga tashar Gare ta Parakou zuwa arewa, har idonsa na hagu ya fara ganin hazo, ya miƙa makulli ya dawo gida. Jikan fataken goro ne na Djougou, amma a Parakou ya yi aure, a nan kuma ya binne matarsa. Zaman gida bai karɓe shi ba. Bayan unguwarsu akwai wani kududdufi da ba ya ƙafewa ko da rani, sai ya soma zuwa bakinsa da fartanya.

Wata rana ya je ta'aziyya Pélébina, ya dawo da saiwar bado a bokiti, ya dasa a cikin lakar kududdufin. Bayan wata biyu ganye ya shimfiɗu bisa ruwa kamar faifai, furanni farare suka fito. Su ne suka jawo yaran unguwa. Kowa na so ya tsinka, shi kuwa ya kafa doka: mai son fure sai ya fara riƙe fangali nasa, ya shuka, ya yi ban ruwa. Haka ya samu yara goma sha huɗu, masu salak da masu alayyafo, da wata Kamila 'yar shekara tara da ta nace sai tumatir.

"Ku dubi badon nan," yakan ce musu. "A laka yake kwana, amma ba ka ganin laka a jikinsa. Haka kakata take son ɗan mutum ya zama."

Shekara biyu lambun yana tafiya. Iyaye mata suka rage zuwa kasuwar Arzèkè sayen ganye.

A rani na uku, wata safiyar Talata, Labbo ya iske furannin ba su buɗe ba. Ya ce ko sanyin safiya ne. Washegari gefen ganyen ya yi baƙi kamar an bi shi da wuta. Ya tsuguna ya kasa kunne, sai ya lura kwaɗi sun yi shiru. Ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya shinshina. Akwai wani wari siriri da ya sani tun yana direba, warin maganin ƙwarin auduga da ya sha ɗauka a bayan mota.

Da yaran suka taso daga makaranta suka zo da gwangwanayensu, ya tare hanya.

"Yau ba mai taɓa ruwan nan."

"Kaka, tumatirina zai bushe," in ji Kamila.

"Bar shi ya bushe. Wa ya ci wani abu daga lambu jiya?"

Can Kamila ta sunkuyar da kai, ta ce ta wanke tumatir biyu a kududdufin ta ci, ba su ma gama nuna ba.

Labbo ya kama hannunta har ƙofar gidansu, ya ce wa mahaifiyarta Safiyatu ta kai ta asibiti yanzu.

"Baba, lafiyarta ƙalau fa. Don fure ya ƙi buɗewa?"

"'Yata, ki kai ta. In na yi kuskure, ki zo ki yi mini dariya."

Ta kai ta don kunyarsa kawai. A kan zemijan, babur ɗin haya, yarinyar ta fara amai, yawu na dalala daga bakinta. Kwana huɗu ta yi a gadon asibiti kafin ta gane mahaifiyarta.

Shi kuwa Labbo, tun a yammacin nan ya koma lambu ya tumɓuke komai da hannunsa, fangali bayan fangali, yaran na tsaye suna kallo, wasu na kuka. Ya haƙa rami ya binne ganyen don kada awaki su ci. Duk da haka awaki uku na maƙwabcinsa Mourtala, da suka sha ruwan, sun mutu kafin Juma'a.

Ya bi kwatar da ke zubowa cikin kududdufin, yana dogara sanda, har ta kai shi gindin wata doguwar katanga mai ƙofar ƙarfe. Ta wata ɓaraka ya leƙa da idonsa mai kyau. Durom-durom ne jere a rana, sun yi tsatsa, ƙasan wasu ya jiƙe. Mai gadi ya ce shi bai san mai wurin ba, wani ne ke zuwa daga Cotonou sau ɗaya a shekara.

Labbo ya kai magana wurin mai unguwa. Mai unguwa ya rubuta takarda. Wasu mutum biyu suka zo, suka ɗebi ruwan a kwalba, suka ce za a ji daga gare su. Ba a ji ba tukuna.

Yara biyar ne suka dawo wurinsa. Yanzu a tsakar gidansa suke shuka, cikin tsofaffin tayoyin kamiyo da ya roƙo a Gare, da ruwan famfo. Kamila tana cikinsu, ko da yake hannunta na ɗan rawa in ta ɗaga gwangwani.

Abin da ke hana Labbo sukuni shi ne damina. Ya san kududdufin yakan cika ya malala ta gangare, kuma a gangaren nan rijiyoyin unguwa suke, guda bakwai. Ya bi gida-gida ya faɗa. Wasu sun ɗaga bakin rijiyarsu da bulo, wasu sun ce Allah ya kiyaye.

A makon da ya wuce, yana nuna wa yaran yadda ake dashen barkono, iska ta juyo daga gabas da ƙamshin ƙasa. Yaran suka fara murna za su huta da ɗiban ruwa. Labbo ya ajiye dashen, ya ɗauki sandarsa, ya nufi gidan mai unguwa karo na huɗu.