Faifan da Ya Kori Tsuntsaye a Abaji

Ko da ƙwaƙwalwata za ta riga ni yin ritaya, ba za ta saki ranar da na yanke wa faifan wani dattijo hukuncin mutuwa ba.

Lokacin ina koyarwa a Abaji, ina haya a gidan wani manomi da kowa ke kira Baba. Ban daɗe da ɗora wa kwamfutata Linux ba, manhajar nan ta kyauta da kowa ke da damar buɗe cikinta ya gyara. Na karanta shafi uku a kanta, don haka a ganina na zama shehi.

Wata Asabar Baba ya shigo da faifan bidiyo naɗe a ɗankwali. Na bikin 'yarsa ne, kuma a cikinsa kaɗai muryar marigayiya matarsa ta rage a duniya. Na'urar kallonsu ta ƙone tun bara.

"Malam, sa mini wannan. Ina so in ji maman yara tana magana."

Na sa. Kwamfuta ta yi gurnani, ta nuna baƙin allo. Na goge faifan da gefen riga, na hura masa iska kamar mai tofi, na mayar. Shiru.

"Baba, faifan nan ya mutu," na ce, da muryar da nake sanar da ɗalibi ya faɗi jarrabawa.

Ya daɗe yana jujjuya shi a hannu. "To, shi ma ya bi ta ke nan."

Bayan mako biyu na sa sabon faifan darasi, fil daga leda, shi ma baƙin allo. Nan na tuna da faifan Baba. Na kira malamar kwamfuta ta makarantarmu.

"Oga, ka sa kodek kuwa?" in ji ta, tana dariya. "Linux ɗinka ba ta zo da masu fassara irin wannan bidiyon ba, da kanka za ka sauke su. Aikin minti biyar ne fa."

Minti biyar! Na bazama neman Baba. A wajen manoman garin, mataccen faifai ba a yar da shi. Ana rataye shi da zare a gonar dawa, walƙiyarsa ta kori tsuntsaye. Can muka tarar da shi yana lilo cikin 'yan'uwansa, ya sha rana ya sha ruwa.

Muka ciro shi muka koma gida, na sauke kodek ɗin, na sa. Yawancin bidiyon ya tafi. Hoto ya yi ta tsalle, sai can ya tsaya a kan wata mata riƙe da ludayi, tana daka wa mai kyamara tsawa: "Kai, kawar da abin nan daga fuskata! Je ka kira mini tsohon nan ya zo ya ci abinci!"

Baba ya jawo kujera har gwiwarsa ta taɓa teburin.

"Ni ne tsohon," ya ce. "Sake sa."

Muka yi ta maimaitawa har la'asar. Bai taɓa tambayata ina sauran ya tafi ba, ni kuwa na san ba rana ce kaɗai ta cinye shi ba.

Tun daga ranar, in abu ya gagare ni, a aji ko a waje, ba na cewa ya mutu. Cewa nake ban iya ba tukuna.